Jinin da ba na al'ada ba: abin da likita ta gani a bakin mahaifata

A unguwarmu ta Tudun Jukun, da sauran unguwannin Zariya da na sani, duk abin da mace ta ga yana fito mata ta gaba wanda ba ta saba gani ba, ciwon sanyi ake ce masa. Farin ruwa, ƙaiƙayi, ciwon mara, har jinkirin haihuwa, duk a kan sanyi ake ɗora su. A haka na taso ni ma. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne, abin da aka gano a bakin mahaifata, wanda likitoci ke kira ektirofiyon, ba sanyi ba ne, ba kuma cuta ce da ake ɗauka a wurin wani ba, kuma na tabbata akwai mata masu yawa da ke ɗauke da irinsa suna ta shan maganin da ba nasa ba.

Bayan na yaye ɗana na huɗu, ni da maigida muka yi shawara in huta. Na je sashen tazarar haihuwa, aka auna min jini, aka yi min tambayoyi, aka ba ni ƙwayar da ake sha kullum, wadda in an yi sati uku ana sha sai jini ya zo a na huɗu. Ta karɓe ni sosai. Ba ciwon kai, ba jiri, al'adata ma ta fi daidaita a kan da. Bayan wasu watanni ne na lura ruwan da ke fito min ya ƙaru. Ba ya wari, ba ya ƙaiƙayi, ba shi da gudaji. Ruwa ne mai yauƙi, garai-garai, sai dai yawa, har yakan kai in canja kamfai kafin azahar. Koyarwa nake yi a firamare, a tsaye nake wuni gaban allo, don haka abin ya takura min ƙwarai. Na faɗa wa yayata, ta ce sanyi ne. Na je kemis aka haɗa min magunguna, na sha na gama, ruwa yana nan yadda yake.

Sai jini ya biyo baya. Ba mai yawa ba ne, ɗigo ne, wani lokaci ja, wani lokaci ruwan hoda, kuma kusan kullum bayan mun sadu da maigida yake fitowa. Babu zafi. Kafin gari ya waye ya ɗauke.

A nan ne hankalina ya tashi, domin ina da gwaggo, ƙanwar babanmu, da muka rasa ta dalilin sankarar bakin mahaifa. Ta yi shekaru da daina al'ada sai jini ya dawo mata. Ta ɗauka haila ce ta waiwayo, ta yi shiru, kunya ta hana ta faɗa wa 'ya'yanta. Sai da wari ya fara fita, ƙafa ta kumbura, sannan aka kai ta asibitin koyarwa na Shika, likitoci suka ce abin ya riga ya yi nisa. Allah ya jiƙanta da rahama. Duk daren da na ga ɗigon nan, ita ce take faɗo min a rai.

Ga kuma matsalar salla. Ban san ko haila ce in ajiye salla ba, ko kuwa in wanke in yi. Na tambayi malamarmu ta Islamiyya a keɓe. Ta ce a fiƙihun Malikiyya da muke karantawa, haila jini ne da yake fitowa da kansa, wanda kuwa wani dalili ya fitar da shi, kamar rauni ko gogayya, ba haila ba ne, in yi tsarki in yi sallata. Sannan ta riƙe hannuna ta ce, "Amma 'yar nan, hukuncin salla na ba ki, ban ba ki na lafiya ba. Ki je a duba ki." Har yau ina gode mata da wannan kalma.

Akwai wani abu da ba kasafai ake faɗa ba, shi ne zargin da irin wannan yake shukawa tsakanin miji da mata. Maigidana direba ne, yana yawan hanyar Kaduna da Kano, wani lokaci har Legas. Da aka ce min sanyi ne, zuciyata ta fara saƙa min ko shi ya kwaso min wani abu. Shi kuma ya fara ja da baya, ba don zargi ba, don tsoron shi ne yake ji min ciwo. Kowa ya yi shiru da nasa. Maƙwabciyata, da kyakkyawar niyya, ta kawo min haɗin matsi da bagaruwar da zan dafa in riƙa zama a ciki, ta ce buɗewa na yi saboda haihuwa. Na karɓa na yi godiya na ajiye. Na ga dai wurin da ke fitar da jini bai kamata a cusa masa abin da ba a san shi ba.

Ranar da na shirya zuwa asibiti, na ce wa maigida, "Malam, ina so in je a duba ni, kuma ina so ka sani ba kai nake tuhuma ba." Ya ce, "Maman yara, da ma abin da nake son in ce miki ke nan, na rasa ta inda zan fara." Shi ya kai ni da kansa.

Da na yanki kati na roƙi nas cewa in da hali mace nake so ta duba ni. Ba ta yi mamaki ba, ta ce in jira layin likita mace. Wannan haƙƙi ne da kowace mace za ta iya nema, kuma ko namiji ne zai duba, akan sa nas mace ta tsaya a ɗakin. Na faɗi haka ne don na san mata da yawa da wannan fargabar kaɗai ta hana su zuwa.

Likitar ta fara da tambayoyi. Yaushe na ga al'ada ta ƙarshe, haihuwa nawa, ko na taɓa ɓari, wace irin tazara nake yi kuma tun yaushe, yaya launin ruwan, yana wari ko ƙaiƙayi, jinin yana zuwa tsakanin al'ada ko sai bayan saduwa, akwai zafi ko babu, ko an taɓa yi min gwajin bakin mahaifa. Wannan ta ƙarshe na ce a'a. Shekaruna 34, haihuwa huɗu duk a asibiti, awo ban taɓa fashi ba, amma gwajin nan ban taɓa yi ba. Ta sa aka yi min gwajin fitsari don a tabbatar ba ciki, ko da yake ina shan ƙwaya, domin jini a farkon ciki hukuncinsa daban.

Sai dubawa. Na kwanta a gado, aka rufa min zane, ta ce in lanƙwasa gwiwa in saki jiki in riƙa numfashi ta baki. Ta nuna min abin da za ta sa, sifekulam suke ce masa, na roba ne sabo a leda, aikinsa ya ɗan buɗa gaba don a hango bakin mahaifa da fitila. Akwai rashin daɗi, akwai jin an danna, amma ba zafin da nake tsammani ba. Kunyar ta fi komai nauyi, ita ma da likitar ta ci gaba da yi min magana sai ta ragu.

Tana haskawa ta ce, "Malama, na ga inda jinin yake fitowa." Ta ɗauki samfur kala biyu, ɗaya da auduga a kan tsinke don gwajin ƙwayoyin cuta, ɗaya da ɗan buroshi mai laushi da ta juya a bakin mahaifar don gwajin Pap, wato gwajin da ake neman alamun farko na sankarar bakin mahaifa da shi. Ta gargaɗe ni cewa zan iya ganin ɗigon jini bayan wannan, kuma na gani.

Bayan na gyara na zauna, ta jawo takarda ta yi min zane. Wannan bayanin shi ne abin da na fi so mata su ji, don haka zan faɗe shi yadda na fahimce shi, haɗe da abin da na ƙara karantawa daga baya.

Bakin mahaifa shi ne ƙarshen mahaifa ta ƙasa, tsawonsa bai fi santimita 3 zuwa 4 ba, yana leƙowa cikin farji, da 'yar ƙofa a tsakiya wadda jinin al'ada ke fita ta cikinta, maniyyi ke shiga, jariri kuma ke bi ranar haihuwa. Fata iri biyu ce a wurin. Ta waje mai kauri ce, hawa-hawa, an halicce ta don ta jure gogayya, launinta ruwan hoda ne mai haske. Ta cikin ƙofar kuwa shimfiɗa ɗaya ce tak, siririya, aikinta samar da yauƙi, kuma saboda rashin kaurinta ana hango jijiyoyin jinin da ke ƙarƙashinta, shi ya sa take ja jawur. Likitar ta ce in ja leɓena na ƙasa in juyo shi waje, in dubi bambancin fatar waje da jan naman ciki. Ta ce to haka abin yake: fatar cikin ƙofa ce ta juyo ta shimfiɗu a waje, ta yi jan zobe kewaye da ƙofar. Sunansa a likitance ektirofiyon. Tunda aikinta yin yauƙi ne, ga dalilin yawan ruwa. Tunda siririya ce kuma ta fito inda ake gogarta, ga dalilin jini bayan saduwa. Ba gyambo ba ne, babu abin da ya cinye naman, lafiyayyar fata ce da ta zauna ba a mazauninta ba.

Na tambaye ta me ya kawo min shi. Ta ce sinadarin istirojin, wanda ƙwan mace ke samarwa, shi ne yake sa bakin mahaifa ya ɗan kumbura ya juyo da cikinsa waje. Saboda haka duk lokacin da sinadarin nan ya yi yawa a jiki, abin yakan bayyana. Na farko lokacin balaga, shi ya sa ake yawan ganinsa a jikin 'yan mata da amare masu ƙananan shekaru. Na biyu lokacin ciki, inda istirojin yake hauhawa ƙwarai; mai ciki takan ga ɗigon jini bayan saduwa ko bayan an duba ta, kuma galibi yakan koma da kansa cikin wata uku zuwa shida bayan haihuwa. Na uku ƙwayar tazarar haihuwa mai haɗin sinadari biyu, istirojin da furojestin, wato irin wadda nake sha. Akwai kuma waɗanda da shi aka haife su, saboda sinadarin uwa da ya ratsa su tun suna ciki. Littattafan likitanci suna cewa ana samunsa a jikin mata 17 zuwa 50 cikin 100 na masu shekarun haihuwa, kuma mafi yawansu ba su ma san suna da shi ba, don ba ya nuna musu komai, sai dai a gani in an zo duba wani abu daban.

Na ce, "Likita, ba daga masai ba ne? Ba daga maigida ba?" Ta ce ko ɗaya. Ba a ɗaukarsa a bayan gida, ba a ɗaukarsa ta saduwa, ba ƙazanta ke kawo shi ba, ba ya hana ɗaukar ciki, ba ya cutar da jariri, kuma shi a karan kansa ba ya rikiɗa ya zama sankara. Na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina. Amma ba ta bar ni na tafi da wannan kaɗai ba. Ta ce ido ba ya isa ya raba wannan jan da farkon sankara, ko da kumburin da cutukan saduwa ke kawowa, domin dukkansu suna iya zuwa da ruwa da jini bayan saduwa. Sai gwaji ya wanke mace sannan a ce ektirofiyon ne kawai.

Ta yi min maganar wata cuta da ban taɓa jin sunanta ba, kilamidiya. Ita da ciwon sanyin gaske, wato gonoriya, irin wannan siririyar fatar suke kamawa. Kilamidiya takan zauna a jikin mace shiru ba alama, ta haura ta toshe bututun ƙwai, sai a wayi gari ana neman haihuwa babu, ko ciki ya zauna a bututu. Maganinta sananne ne, amma sai an sha daidai kuma an haɗa da miji. Wannan ya sa ni tunanin yawan magungunan kashe ƙwayoyin cuta da muke sha barkatai da sunan sanyi. Wadda ba ta da cuta tana sha a banza, har ya kashe mata ƙwayoyin da ke kare gabanta ya jawo mata ƙaiƙayin da ba ta da shi a da. Wadda ke da cutar kuma tana shan rabi, mijin bai sha ba, ta sake ɗauka. Ina ganin masu kemis da ke haɗa wa mace magani daga jin "farin ruwa" kawai, ba tare da sun ce ta je a duba ta ba, suna da alhaki a wuyansu.

Zaman jiran sakamako ya fi dubawar wahala. Na auduga ya fara fitowa, babu wata cuta. Na Pap ya ɗauki makonni. A tsakanin nan ne na karanta abin da ya sa ake damuwa da wannan ɗan wuri haka. Fatar cikin da ta fito waje ba ta dawwama yadda take; tsamin da ke cikin farji yakan sa ta sauya a hankali ta koma irin mai kaurin. Wannan fili da sauyin ke faruwa a cikinsa, nan ne ƙwayar cutar HPV ta fi samun wurin zama, kuma nan ne kusan duk sankarar bakin mahaifa take farawa. HPV ta saduwa ake ɗaukarta, tana da yawa ƙwarai a duniya, kuma jikin mafi yawan mutane yakan kawar da ita da kansa. A wasu matan ne take zama, ta yi shekara 15 zuwa 20 tana sauya fatar kafin ta zama sankara. Iri biyu daga cikinta, 16 da 18, su ke jawo kusan kashi 70 cikin 100. Wannan dogon lokaci rahama ne, domin a cikinsa gwaji yana iya kama sauyin tun bai zama komai ba, a magance shi a zama ɗaya. Gwajin Pap ɗin sunan likitan da ya ƙirƙiro shi ya ci, George Papanicolaou, ɗan ƙasar Girka da ya yi aiki a Amurka, kuma tun shekarun 1940 ake amfani da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mata kusan 12,000 suka kamu da wannan sankara a Najeriya, kusan 8,000 suka rasu. Ita ce ta biyu a cikin sankarar da ke kama matan ƙasar nan, bayan ta nono. Gwaggona tana cikin irin waɗannan, kuma da an taɓa yi mata gwajin nan tana 'yar shekara arba'in, wataƙila da labarin ya sha bamban. Allah ne masani.

Abu ɗaya da ya kamata kowace 'ya ta faɗa wa uwarta: bayan mace ta daina al'ada, istirojin yana raguwa, fatar nan tana komawa can cikin ƙofa. Don haka ektirofiyon ba na tsofaffi ba ne. Jinin da ya zo wa mace bayan ta shekara da daina al'ada, ko ɗigo ɗaya ne, na asibiti ne a wannan satin.

Sakamakon Pap ya fito lafiya. Duk da haka, saboda jinin ya daɗe yana zuwa, likitar ta rubuta min takarda zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika don a duba da madubin ƙara girma, kolfoskofi. Na kama hanya ta Kwangila da Samaru zuciyata cike da tunanin zuwan da muka riƙa yi duba gwaggo. Kwanciyar iri ɗaya ce da ta farko. Na'urar ba ta shiga jiki, daga waje take tsayawa tana haskawa. Aka shafa ruwan khal mai sauƙi a bakin mahaifar, na ji ɗan raɗaɗi kaɗan. In akwai wurin da ya fara lalacewa yakan yi fari fat a ƙarƙashin ruwan nan, sai a tsinko ɗan nama a kai ɗakin gwaji. Nawa bai nuna abin damuwa ba, ba a tsinki komai ba. Wannan shafa khal ɗin, ko babu madubin, ana yinsa da ido a matsayin gwajin farko a wuraren da ba su da kayan Pap, kuma a take ake jin sakamako.

Daga nan aka zo maganar me za a yi. In da ba ya damuna, ba a yin komai, a bar shi ya koma da kansa. Tunda yana damuna, matakin farko shi ne a cire abin da ke ciyar da shi. Aka ce in bar ƙwayar mai istirojin in zaɓi wata hanya: ƙwaya mai furojestin kaɗai, ko allurar wata uku, ko ashanar hannu, ko robar mahaifa mai jan ƙarfe wadda ba ta da sinadari ko kaɗan. Nas ɗin ta gaya min gaskiya cewa allura da ashana sukan rikita al'ada su kawo ɗige-ɗige, wanda zai sa a kasa gane ko jinin bakin mahaifa ne ko nasu. Robar kuma takan ƙara yawan jinin al'ada ga wasu. Na zaɓi ƙwaya mai sinadari ɗaya, da sharaɗin in riƙa shanta a lokaci ɗaya kullum ba saɓawa. Na ɗaura ta da sallar isha'i. Ina so a fahimce ni, ba ina kushe ƙwayar farko ba ne. Ta yi min aikin da aka ba ni ita don shi, kuma mata da yawa suna shanta ba su ga komai ba. Wadda ta ga irin nawa kada ta yar da ƙwaya haka kawai ta zauna ba kariya, ta koma inda aka ba ta a canja mata.

Bayan wata uku ruwan ya ragu sosai, amma jinin bai daina ba. Likitata ta sake dubawa ta ce jan ya ragu amma yana nan, ta kawo shawarar a taɓa wurin. Hanyoyi uku ta lissafa min: a ƙona saman fatar da na'urar lantarki bayan an yi allurar kashe zafi, ko a daskarar da ita da sanyi, ko a shafa mata wani sinadari, silba naitiret. Manufarsu ɗaya, a kashe siririyar fatar da ta fito don mai kauri ta tsiro a madadinta. Kalmar ƙonawa ta tsorata ni, ta kuma tsorata Innarmu da na faɗa mata, har ta ce, "Ke 'yar nan, kada su ƙone miki mahaifa ki daina haihuwa." Na mayar wa likita da wannan tambaya. Ta ce saman fata kawai ake taɓawa, ba a zuwa kusa da cikin mahaifa ko ƙwai, kuma ba ya hana ɗaukar ciki. Wanda suke da kayansa a lokacin shi ne na sanyi, shi aka yi min.

An sa min rana bayan na gama al'ada, aka sake gwajin ciki da safen, domin ba a yi wa mai ciki. Ba a sa ni barci ba, ba a yi min allura ba, na dai sha maganin ciwo kafin in shiga. Aka sa sifekulam, aka ɗora kan wani ƙarfe a bakin mahaifar, na ji ƙarar iska tana fita daga tukunyar gas. Sai mara ta ɗaure min kamar ranar farko ta al'ada, fuskata ta ɗauki zafi, na ji ɗan jiri. Nas tana riƙe da hannuna tana cewa, "Sannu Malama, an kusa, yi ta salati." 'Yan mintoci ne aka gama. Na ɗan kwanta jirin ya wuce, na sha ruwa, maigida ya mai da ni gida. Washegari na je makaranta.

Abin da ya biyo baya ne ya kamata a shirya masa. Ruwa ya riƙa zuba, tsinkakke, mai yawa, fiye da wanda ya kai ni asibiti tun farko, wani lokaci da ɗan jini-jini. An riga an gaya min haka zai faru na sati biyu zuwa huɗu, fatar da aka daskarar ce take zubewa, don haka ban firgita ba, na dai tanadi audugar mata da yawa. An hana ni sa komai a ciki har sati huɗu: ba saduwa, ba matsi, ba zama cikin ruwan magani, tsarki ma daga waje kawai da ruwa zalla. An kuma ce in na ga zazzaɓi, ko ruwan ya fara wari, ko jini ya fi na al'ada, ko ciwon mara mai tsanani, in koma a ranar. Ban ga ko ɗaya ba.

Maganar sati huɗun nan likitar ta ce in kira mata maigida ta faɗa masa da bakinta, ta ce ta sha ganin matan da aikinsu ya lalace don sun kasa faɗa a gida. Ta ce masa, "Alhaji, wurin ɗanye ne, in aka taɓa shi zai yi jini ko ya kama cuta, haƙurin wata ɗaya muke nema." Ya ce ko wata uku ne ya yarda. Ba kowace mace ce ke da wannan sauƙin ba, musamman inda ake rabon kwana kuma mace na tsoron abin da za a ce. Shi ya sa nake ganin dabarar likitar nan ta kiran miji abin koyi ce.

Da na koma dubawa bayan wurin ya warke, ta haska ta ce jan ya tafi, fatar ta rufe. Jinin bayan saduwa ya ɗauke, ruwan ya koma yadda na san shi kafin in fara ƙwaya. Ta gaya min yana iya dawowa, musamman in na sake ɗaukar ciki ko na koma ƙwaya mai istirojin, kuma in ya dawo a sake dubawa, kada in ce ai na san shi. Ta rubuta min a kati cewa in sake gwajin Pap bayan shekara uku. Ta ce inda ake da gwajin HPV, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi son a yi shi daga shekara 30, duk bayan shekara 5 zuwa 10, mai ɗauke da cutar HIV kuma ta fara daga 25 ta riƙa yi a kai a kai fiye da haka.

Kafin in fito ta tambaye ni shekarun babbar 'yata. Na ce 11. Ta ce an yi mata rigakafin HPV? Najeriya ta shigar da allurar cikin rigakafin yau da kullum a watan Oktoban 2023, kyauta, sau ɗaya, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, jihar Kaduna kuma tana cikin rukuni na biyu da aka fara a 2024. Lokacin da masu allurar suka zagayo makarantu, iyaye da yawa sun hana, saboda jita-jitar da ta yaɗu a WhatsApp cewa tana hana haihuwa. An fara amfani da allurar a duniya tun 2006, kuma 'yan matan farko da aka yi wa sun girma sun hayayyafa. Na yi wa maigida bayani da daddare, na tuna masa da gwaggo, wadda shi ma ya yi jigilar kai ta asibiti a motarsa. A satin na kai yarinyar asibitin unguwa aka yi mata a damtse, hannun ya ɗan yi mata tsami kwana ɗaya. Yayata, wadda ta fara ce min sanyi ne, ta bi ni da nata 'yan matan biyu, ita kuma aka rubuta mata ranar gwajin Pap, don shekarunta 41 kuma ba a taɓa yi mata ba.